Godiya ga Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna

Zuwa ga shugaban cibiya da ɗaukacin ma'aikata,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, yaba kyauta tukuici ne, shi ya sa na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a.

Mai ɗakina ta daɗe tana fama da ciwon ido mai tafiya ya dawo. Ido ya kaɗa ya yi ja, ga zogi, haske ya gagare ta kallo har sai an saki labule da rana tsaka, ɗinkin hular da take yi ya tsaya cak. Kowa cewa yake Afolo ne. A sayo maganin ɗigawa a kemis, ya lafa, bayan 'yan watanni ya sake tasowa.

Da muka zo asibitinku a Mando, likita ta haska idon da na'ura ta ce kumburi ne a can cikin ƙwayar ido, wanda suke kira uveitis, kuma alamu sun nuna garkuwar jikinta ce ke afka wa idon. Ta ce maganin siteroyid da muke ɗigawa yana kwantar da kumburin, amma daɗewa a kansa kan jawo yanar ido da hawan jinin ido. Abin da ake bukata shi ne maganin da zai sassauta garkuwar domin ciwon ya daina dawowa.

Babban abin da ya sa na yaba muku shi ne ba ku yi gaggawa ba. Sai da aka yi mata gwajin tarin fuka, ciwon hanta, tunjere da HIV, domin wasu cututtukan kan kawo irin wannan kumburi, kuma rage garkuwa na iya tayar da tarin fukan da ke kwance a jiki. Gwaje-gwajen sun ci kuɗi, gaskiya, amma an bayyana mana dalilin kowanne da Hausa.

Daga nan aka ɗora ta a kan ƙwayar methotrexate, maganin sassauta garkuwa. Mai ba da magani ya rubuta a jikin ambulan da manyan baƙaƙe, JUMA'A KAƊAI, ya sa ta maimaita masa da bakinta, domin sau ɗaya ake sha a mako, shansa kullum na iya hallaka mutum. Ya haɗa mata da bitamin na folik asid, ya ce mu yi haƙuri, yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya kama jiki, kuma kada mu yi wasa da awon jini na duba hanta. Likita kuma ta sa aka kira ni ciki, ta ce, "Malam, wannan magani ba ya haɗuwa da juna biyu, sai kun yi shawara tsakaninku." Magana ce mai nauyi, amma ta yi ta cikin mutunci.

Yanzu an janye siteroyid sannu a hankali, ido ya washe, ta koma kan zare da allura. Alhamdu lillahi.

Roƙo ɗaya nake da shi. Na ji akwai allurar adalimumab da ake yi duk mako biyu ga waɗanda ƙwayar ba ta karɓe su ba, wadda Amurka ta amince da ita don wannan ciwo tun 2016, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Ku taimaka ku kai kukan nan ga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wani magidanci daga Zariya