Zuwa ga 'yata, kafin ki sayi akwatin tafiya Masar

Jahun, Bauchi

Assalamu alaikum, 'yata. Ina fatan kina lafiya, ke da gwaggonki da yara. Mu nan ƙalau muke, sai zafin da kika sani. Babanku ya tura kuɗin akwati, ni kuma na ga hotunan da kika turo ta WhatsApp. Na zaɓi in rubuto ne saboda na san halinki. In na kira, "to Mama, to Mama" za ki yi ta cewa, ki wuce ki sayi abin da ranki ya riga ya kwanta a kai.

Saitin nan ruwan hoda yana da kyau, ban musa ba. Amma akwatin lefe ne. An yi shi don a jera a tsakar ɗaki, mata su buɗe su rangaɗa guɗa, daga nan a ɗora kan sif ya yi ta kwana. Naki kuwa wahala zai sha. Za a wurga shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, a danne shi da na wasu, ki ja shi hawa bene a Alƙahira. In kin zo hutu kuma a cusa shi bayan mota daga Kano, ta Birnin Kudu da Ningi, buhun wani yana kansa har Bauchi.

Ki fara da nauyinsa yana wofi, don nan ne mutane ke cutar kansu. Yawancin jiragen ƙasashen waje kilo 23 suke ba kowane akwati, kuma har da nauyin akwatin kansa suke aunawa. Ki duba tikitinki ki tabbatar. In akwati kilo 6 ne, kayanki 17 kawai za su shiga. In 4 ne, kin samu 19. A akwati biyu kilo 4 ke nan, wato kukarki da busasshiyar kuɓewa da yaji da rigar sanyi, don sanyin Masar a watan Janairu ba wasa ba ne. Ki sayi ɗan sikelin nan mai ƙugiya ki tafi da shi shago. Mai kaya zai ɗaga da yatsa biyu ya ce "Hajiya ji, ba nauyi", ke dai rataya ki karanta lamba. Kada kuma ki ɗauki mafi girma a saitin. Tsawo da faɗi da kauri in an haɗa, har da tayoyi, yawanci ba a so su wuce santimita 158, kuma ƙaton akwati ba ya cika sai ya haura kilo 23, a tsayar da ke gaban jama'a kina kwashe kaya kina zubawa a leda.

Masu jikin roba ba duka ɗaya ba ne, ko da yake ido ba ya bambancewa. Ki leƙa takardar da ke ciki. Wanda aka rubuta ABS shi ne mai araha, shi ne kuma mai saurin tsagewa daga kusurwa. Polycarbonate in ya bugu lotsawa yake ya dawo. Polypropylene ya fi su rashin nauyi, yana kuma jure duka. Akwai waɗanda ABS ne aka shafa musu polycarbonate sama-sama, ana sayarwa da tsadar na gaske, don haka ki kwantar da shi ki danna tsakiya da tafin hannu. In ya lotsa ya taso shiru, madalla. In kin ji yana ƙas-ƙas, mayar masa da abinsa.

Ni dai a ganina babban ya zama na yadi mai kauri, nailan in kin samu, don ya fi poliyesta ƙarko. Yadi in ya yage, kowane shumeka a Wunti ko Muda Lawal zai ɗinke miki kina tsaye. Roba in ta fashe sai dai a zuba tsummokara a ciki. Aibin yadi shi ne yana shan ruwa da ƙura da wari, saboda haka daddawa sai kin ninka mata leda, ko ma ki haƙura da ita. Na biyun sai ya zama na roba, a sa turare da humra da duk abin fashewa.

Akwati ba kasafai yake mutuwa ta jiki ba, ta taya da zif da mariƙi yake tafiya. Mai taya huɗu daɗi gare shi a kan tayil, amma tayoyin a waje suke tsirara, su ne farkon ɓallewa, kuma a tsakuwar tasha ba sa tafiya. Mai taya biyu da suka shige cikin jiki ya fi jure hanyarmu. Kowanne kika ɗauka, ki zuge yadin ciki ki ga ko da noti aka ɗaure tayar, don wadda ake kwancewa ita ake iya canzawa. Mariƙin ja, ki zaro shi duka ki girgiza. Zif ya zama mai manyan haƙora, ki zuge shi sau da yawa musamman a kwana. In kin ga tambarin kamfanin zif na YKK a kansa alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana jabunsa. Kada ki ji kunyar duba na gwanjo, wani tsohon ya fi sabo fil, in dai tayarsa lafiya.

Gwaggonki za ta ce ki ƙara da Ghana-must-go tunda ba ta da nauyi. Ki ba ta haƙuri. Wasu jirage ba sa karɓarta, na Habasha ma ya hana a 2023, saboda tana maƙalewa a injin da ke jan kaya.

Jakar hannu kilo 7 ko 8 ake bari, don haka ta goyo ta fi ƙaramin akwati, wanda shi kaɗai zai cinye kusan rabi. Fasfo, takardun makaranta, kwamfuta, magani da kaya kala ɗaya duk a cikinta. Fawa bank ma nan, ba a yarda a sa shi a kayan awo ba. Abu mai ruwa kuwa kada kwalba ta wuce mililita 100.

Ki sa kwaɗo, ki rubuta sunanki ciki da waje, ki ɗauki hoton akwatunan a kan sikelin filin jirgi, ki adana 'yar takardar da za su liƙa miki. Saƙon kowa kada ki karɓa sai kin buɗe da hannunki, ko da mai shi ya haife ni. In an matsa, ki ce ni na hana.

Ki je Sabon Gari da yayanki ranar Asabar, ki kira ni ta bidiyo daga shagon kafin ki biya. Ƙannenki na gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.