Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025

Assalamu alaikum, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Shugaba ya ce in rubuto rahoton a tura group tunda zaman Disamba mutum nawa ne ma suka zo. Zaman wata-wata mun yi, sai na Agusta da ruwan sama ya hana.

Bari in fara da kuɗin wata don shi ne ya fi damuna. Wallahi na gaji da bin mutane. Waɗanda suka biya cikakke bana ba su kai rabinmu ba, wasu tun Maris rabon da in ga alat ɗinsu, in na kira a ce min ana hanya ko a ƙi ɗagawa, amma in an sa hoton taro su ne na farko wajen turo fatan alheri. Jama'a, da wannan kuɗin muke sa kati muna kiran matasan nan da muke taimaka wa su bar shan giya. A farkon shekarar nan kamfanonin waya suka ƙara kuɗi, tes ɗin da muke turawa naira 4 ya koma 6, kira da data duk suka hau, kuɗin watanmu kuwa yana nan inda yake.

Shi ya sa aikin saƙon waya bai kai inda muka yi alkawari ba. Mun ce za mu haɗa da Kagarko da Saminaka, ba mu iya ba, mun tsaya Kachia da Zonkwa da ƙauyukan Kafanchan. Masu cewa kwamiti ya yi sanyi su zo su duba littafi. Ga kuma matsalar sabis, akwai wanda sai ya fito kasuwa saƙonmu na kwana uku ke shigo masa a tare. Sannan mun yi kuskure da farko, muna ta tura rubutu alhali da yawansu ƙaramar waya ce a hannunsu kuma karatun bai zauna ba, wani ma ƙaninsa ke karanta masa, to wa zai yarda ƙaninsa ya karanta maganar giyarsa? Muka koma kira kawai. Tsarin yanzu shi ne in sha'awar ta taso, musamman ranar kasuwa ko wajen biki da ake zagayawa da burkutu, ya yi mana filashin mu kira shi. Ƴan sa kai huɗu ne ke ɗaukar wannan, wani lokacin ƙarfe goman dare, wani lokacin da katin aljihunsu.

Abin da ya faranta min rai bana shi ne taronmu na 4 ga Fabrairu, ranar ciwon daji ta duniya, da muka yi a Kachia. Kujerun da muka yi haya ba su isa ba sai da aka ɗauko benci. Malamar asibitin da ta zo ta yi bayani da Hausa tsaf, ta ce tun 1988 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da ke kawo daji, rukuni ɗaya da taba, kuma tana da hannu a na baki da maƙogwaro da hanta da hanji da na nono. Ta ce ba ruwan jiki da ko burkutu ce ko ta kwalba ko ƴar leda, sinadarin ɗaya ne, kuma mai ciwon dajin da ya sha maganin kemo ko aka yi masa gashi da na'ura, ko mai ciwon hanta, shi ya fi kowa buƙatar ya kiyaye. Sai wani matashi ya miƙe, ba mu shirya da shi ba, ya ce bayan ya gama zaryar jinya a asibitin Shika ya dawo gida ya tarar an sayar da gona saboda jinyarsa, yarinyar da zai aura an ba wani, abokai kuma suna ce masa ai ka warke sha ka manta. Ya ce da ba don waya ba da bai taɓa faɗa wa kowa ba, don a waya ba mai ganin fuskarsa. Wajen ya yi tsit, iyaye mata na share hawaye. Limami da fasto duk sun yi addu'a, kuma kafin mu tashi wasu suka zagayo ta baya suka ba mu lambarsu a ɓoye.

Abu ɗaya da nake roƙon masu kira su riƙe: wanda ya daɗe yana sha kullum kar a ce masa ya yanke lokaci ɗaya, yana iya kawo karkarwa har da farfaɗiya. Irinsu asibiti ake kaiwa, mun raka mutum biyu asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa bana, kuɗin motar ma karo-karo muka yi a tsakaninmu.

Naɗar saƙon murya da Hausa da Tyap da Jju da muka ce za mu yi har yanzu yana nan a takarda, mai Jju ɗin ya koma makaranta, babu wanda ya ce zai karɓa. Dan Allah duk mai jin yaren ya yi min magana. Masu bashin kuɗin wata kuma ku biya kafin zaman Janairu, ko rabi ne, don 4 ga Fabrairu ta kusa kuma ko kujera ba mu kama ba.

Sakatariyar kuɗi