Baba Rabaran, ina cikin ikkilisiya amma na daina jin bukatar Allah

Zuwa ga Baba Rabaran, mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kana lafiya, kai da Mama da yara da dukan abokan aikinka. Allah ya ƙara maka ƙarfi da basira a kan wannan hidima. Ina roƙon ka sakaya sunana.

Na daɗe ina sauraron shirinka, kuma yawancin wasiƙun da kake karantawa na masu kuka ne: wadda aurenta ya rikice, wanda aiki ya kuɓuce masa, iyayen da ɗansu ya fi ƙarfinsu. Tawa ba irin waɗannan ba ce, shi ya sa na yi ta ɗaga rubutun, don ina jin nauyin in kawo kuka alhali babu abin da ya same ni. Gidana lafiya, mijina mutumin kirki ne, yara suna karatu, Allah ya rufa mana asiri. Damuwata ita ce na wayi gari ba na jin ina bukatar Allah. Na gaskata yana nan, na gaskata Yesu ya mutu domina ya kuma tashi, wanda duk ya tambaye ni zan ba shi amsa daidai. Amma da za a zare addu'a daga yinina kaf, ban ga abin da zai canja ba. Ko yanzu da nake rubuta wannan magana gabana faɗuwa yake yi.

Da ba haka nake ba, Baba. A farkon aurenmu hannu baka hannu ƙwarya muke. Maigidana bai da tsayayyen aiki, ni ma ban fara nawa ba, ga haihuwa ta yi jinkiri. A lokacin babu mai tashina addu'a, bukata ce ke tashina. Nakan farka tsakar dare in durƙusa a bakin gado, wani lokaci ba na iya haɗa kalmomi, hawaye kawai nake yi ina kiran sunan Yesu. Idan na buɗe Zabura sai in ji kamar don ni aka rubuta. To, Allah ya ji, ya amsa fiye da abin da na roƙa. Aiki ya samu, yara suka zo, muka samu wurin zama namu. A ikkilisiya ma aka ɗora mini koyar da nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata. Ba zan iya nuna maka ranar da abin ya juya ba. Sannu a hankali ne, addu'ar dare ta koma ta safe, ta safe ta gajarce, daga baya ta zama 'yan kalmomin da nake faɗa ina neman makullin mota.

Abin da ya sa ba wanda ya lura shi ne bakina ya saba. Idan aka ce in buɗe taro da addu'a, kalmomi suna zuwa a jere, ayoyi suna faɗowa a wuraren da suka dace, mata suna amsawa da amin. Ni kuwa a ciki ina jin kaina kamar mai karanta wa jama'a wasiƙar da wani ya rubuta. Akwai wata 'yar'uwa da ba ta daɗe da karɓar Almasihu ba. Wata rana aka ce ta yi addu'ar rufewa, ta miƙe tana rawar murya, ta fara, ta sarƙe, ta sake farawa, a ƙarshe abin da ta iya faɗa shi ne, "Yesu, kada ka bar ni, ban iya komai ba." Sai ta zauna tana share hawaye da bakin mayafinta. Bayan an tashi ta zo tana ba ni haƙuri wai ta ɓata addu'a, tana roƙon in koya mata yadda nake yi. Baba, na rasa ta cewa. Ita ke da abin da na rasa, ga ta kuma tana nema a wurina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne kwanan baya. Ƙaramar 'yata ta tashi cikin dare da zazzaɓi mai zafi, jikinta har yana karkarwa. Ban rikice ba ko kaɗan. Na kira likitan da muka sani, na jiƙa tawul na shafe mata jiki, na tashi babanta ya fito da mota, na ɗauki katin asibiti da kuɗi, muka tafi. Aka duba ta, aka yi mata allura, kafin gari ya waye zazzaɓin ya sauka. Muna hanyar dawowa, tana kwance a cinyata, sai ta ɗago kai ta ce, "Mama, ba mu yi addu'a ba." Motar ta yi tsit. Daga fitarmu har dawowarmu sunan Allah bai zo bakina ba, bai ma zo zuciyata ba. Ba ƙin yi na yi ba, mantawa na yi, domin duk abin da ake bukata yana hannuna.

Kada a fahimce ni a karkace, ban ce zuwa asibiti laifi ne ba. Gobe ma idan yaro ya kwanta, can zan kai shi, kuma na san Allah ne ya ba likita ilimi. Amma tun daren nan labarin sarki Asa ya tsaya mini a rai, wanda ke cikin 2 Tarihi sura 14 zuwa 16. Lokacin da Zera mutumin Kush ya taso masa da runduna mai ɗimbin yawa da karusai 300, Asa ya san ba shi da ƙarfin tsayawa, sai ya yi kuka ga Ubangiji ya ce a gare shi suke dogara, Allah kuwa ya ba shi nasara. A shekara ta 36 ta sarautarsa, Ba'asha sarkin Isra'ila ya zo yana gina Rama don ya tare masa hanya. Wannan karon Asa yana da dukiya, yana da dabara. Ya kwashi azurfa da zinariya daga taskar Haikali da ta fadarsa, ya aika wa Ben-hadad sarkin Suriya a Dimashƙu domin ya warware alkawarinsa da Ba'asha. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dabarar ta ci. Ba'asha ya bar ginin ya janye, Asa ma ya kwashe duwatsun da katakan ya gina nasa garuruwan. Duk mai kallo daga waje zai ce sarki ya nuna hikima. Annabi Hanani ne kaɗai ya zo ya ce masa ya yi wauta, Asa ya husata ya jefa shi kurkuku. A shekara ta 39 ciwon ƙafa ya kama shi, ya yi tsanani, Littafi kuwa ya ce ko a cikin ciwon bai nemi Ubangiji ba sai masu magani. Mutumin da ya fara da durƙuso ke nan, wanda ya rushe bagadan gumaka, har ya tuɓe tsohuwar gidansu daga matsayinta saboda gunki. Gani ga wane, an ce, ya ishi wane tsoron Allah. Ni ma dabaruna suna ci, Baba, kuma cin nan nasu ne ya sa ban farga da wuri ba.

Ana cikin haka sai jadawalin nazarinmu ya kawo mu kan wasiƙu bakwai na Ru'ya ta Yohanna, ni ce kuma zan koyar da ta ikkilisiyar Lawudikiya a sura 3. Na zauna na yi shiri sosai. Na karanta cewa birnin yana ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, kuma ya shahara da hada-hadar kuɗi, da baƙin ulu mai kyau, da maganin ido. A wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu girgizar ƙasa ta rushe shi, marubucin tarihin Romawa Tasitus kuma ya rubuta cewa mutanen birnin sun sake gina shi da dukiyarsu, ba tare da taimakon Roma ba. Ga su kusa da Hiyerafolis mai maɓuɓɓugan ruwan zafi, da Kolosi mai ruwan sanyi, su kuwa daga nesa ake jawo musu nasu ta bututun dutse. Da na san wannan sai maganar Ubangiji, cewa su ba masu zafi ba ne ba kuma masu sanyi ba, ta fito mini fili. Masu cewa sun wadata ba sa bukatar komai, su ya kira matalauta, makafi, tsirara, ya ce su zo wurinsa su sayi zinariya da fararen tufafi da maganin ido, wato ainihin abubuwan da suke alfahari da su. Bai zarge su da koyarwar ƙarya ba kamar Birgamas, bai ambaci fasikanci ba kamar Tiyatira, ba a kuma ce ana tsananta musu kamar Simirna ba. Cikin ikkilisiyoyin nan bakwai, su ne ba a yaba musu da ko abu ɗaya ba. Ayar nan kuma ta 20 da muka saba karanta wa marasa bi a wurin bishara, cewa yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa, ashe ikkilisiya aka faɗa wa. Suna ciki suna sujada, wanda ake yi wa sujadar yana waje.

Na koyar da darasin, mata suka ce sun ƙaru, wasu har suka rubuta abin da na faɗa. Na koma gida yadda na fito. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a cikin al'amarin duka: na san ciwon, na iya bayaninsa dalla-dalla, amma sanin bai motsa ni ba.

Na yi wa maigidana maganar. Ya saurare ni da kyau, sa'an nan ya ce ina wahalar da kaina ne a banza. A ganinsa wannan girma ne cikin bangaskiya. Ya ce yaro ne ke kuka kan kowane abu, babba kuwa ya san Ubansa yana nan ko bai yi ta kira ba. Ya ce Allah ya ba mu hankali don mu yi aiki da shi, muna ba da zakka da baiko, ba mu fasa sujada, muna taimakon mabukata, me kuma ake nema? Ya ƙara da cewa bangaskiya ba a auna ta da hawaye. Akwai gaskiya a maganarsa, ban musa ba, na san mai bi ba ya rayuwa bisa yadda yake ji. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na lura mu biyu mun daɗe ba mu durƙusa tare ba. Idan za mu yanke shawara babba, mukan zauna mu yi lissafi, mu tuntuɓi waɗanda suka sani, mu gama komai, sa'an nan ɗayanmu ya ce Allah ya sa albarka. Abokan zamanmu a ikkilisiya ma kusan haka suke, hirarmu bayan sujada ba ta wuce aiki da makarantar yara da gini. Musa ya gargaɗi Isra'ilawa a Maimaitawar Shari'a sura 8 tun kafin su haye Urdun, kuma ba jeji ya ce su ji wa tsoro ba. Ranar da za su ƙoshi, su gina gidaje masu kyau, dukiyarsu ta ƙaru, har zuciya ta ce ƙarfina ne ya samo mini wannan, ita ya ja musu kunne a kai. To yaya mutum zai bambanta natsuwar wanda ya dogara ga Allah da natsuwar wanda ya daina nemansa? Daga waje kamanninsu ɗaya, ni kuma a ciki na kasa tantancewa.

Akwai wani abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai. Ina tsoron in roƙi Allah ya maido ni. Na sha jin shaidar mutanen da suka ce sai da suka rasa aiki, ko ciwo ya kwantar da su, ko aka yi musu rasuwa, kafin suka komo ga Ubangiji. A wasiƙar Lawudikiya ma ya ce waɗanda yake ƙauna su yake tsauta wa yana horo. Saboda haka duk lokacin da na buɗe baki zan ce ya yi duk abin da zai yi don ya farkar da ni, sai fuskokin 'ya'yana su zo mini, in haɗiye maganar. Na karanta addu'ar Agur a Karin Magana 30, inda ya roƙi kada a ba shi talauci ko wadata, don kada ya ƙoshi ya ce wane ne Ubangiji, na kuwa kasa cewa amin. Ina son Allah, ina kuma son abin da ke hannuna ya zauna yadda yake. Baba, dole ne sai an karɓe wa mutum wani abu kafin ya sake jin ƙishin Allah? Babu waɗanda suka zauna cikin wadata, zuciyarsu kuma ta ci gaba da zafi? Idan akwai, me suke yi kullum wanda ni ba na yi? Na gwada ƙara tsawon lokacin karatu da safe, na gwada azumi, sai na ga su ma sun zama ayyukan da nake gamawa in ji daɗin cewa na iya.

Sai batun koyarwa. Zuciyata tana ce mini in ajiye na ɗan lokaci, don bai kamata in riƙa kiran mutane zuwa wurin da ni ban tsaya ba. Wani gefen kuma yana cewa idan na ajiye, igiyar da ta rage tana riƙe da ni ga Maganar Allah ita ma na tsinke ta. Ban san yadda zan faɗa wa fastonmu ba, domin yana ɗaukata cikin waɗanda yake jingina da su, kuma ba na so matan da ke kallona su yi tuntuɓe. Shin in je in faɗa masa komai yadda na faɗa maka, ko in nemi wata dattijuwa mai tsoron Allah mu riƙa addu'a tare tukuna?

Maigidana yakan saurari shirinka tare da ni, kuma na gaya masa zan rubuto. Idan za ka amsa, ina roƙo ka yi magana da mu biyu, ka taɓa batun yadda miji da mata za su koma yin addu'a tare ba tare da ɗaya ya ji ana tuhumarsa ba. Ka kuma sa mu cikin addu'arka.

Taka 'ya cikin Almasihu,
Wata mai sauraro