Yadda cocin Redeemed ya bunƙasa

Ranka ya daɗe Edita,

Hausawan Gadarif da ke zuwa Legas kan tambayi yadda cocin Redeemed ya cika gari. Josiah Akindayomi ne ya kafa shi a 1952, ana wa'azi da Yarabanci. Da Enoch Adeboye, malamin lissafi, ya gaje shi a 1981, sai aka buɗe rassan Turanci don ma'aikata da ɗalibai.

Dabarar ita ce: a fara taron addu'a a gida, in mutane sun yi yawa a kama hayar shago, a naɗa fasto, reshen ya haifi wani. Burinsu kowa ya samu coci a tafiyar minti 5. A nan matsalar take, a ganina: rassa kan matsu har su raba mabiya, baikon, wato kuɗin da mabiya ke bayarwa, bai biyan haya, faston kuma bai gama horo ba.

Mai karatunku,
Gadarif, Sudan