Masu shirin sayen babbar mota, a yi lissafi tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya ƙara basira amin.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda mutanenmu suke rububin sayen manyan motocin gida irin su Toyota Avalon da Lexus ES350 da manyan Marsandi ba tare da sun zauna sun yi lissafi ba, sai an biya kuɗi an sa lamba an kai gida iyaye sun sa albarka sannan matsala ta fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ni sana'ata sayar da kayan gyaran mota ce a Ƙofar Ruwa nan Kano, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, kullum sai mutum ya tsaya a bakin shago riƙe da wani ƙarfe a leda yana tambayar farashi, in ka faɗa masa sai ka ga jikinsa ya yi sanyi.

Abin da yake jan mutane yanzu shi ne araha. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ma har ta wuce dubu, to tun daga lokacin masu motoci masu fulogi shida suka fara neman kai da su. Shi ya sa za ka shiga wajen dillalai ka tarar da Avalon mai kujerun leda da esi mai sanyi kuɗinta bai kai na Corolla sa'arta ba ko kuma sun yi kunnen doki, sai matashi ya ce ai gara in ɗauki babbar tunda kuɗin ɗaya ne. Kuɗin saye ne ɗaya Malam Edita, kuɗin riƙo ba ɗaya ba ne. Tankin Avalon ɗin da aka yi daga 2005 zuwa 2012 yana cin lita 70, a da da naira 14,000 ka cika shi har da canji, amma in lita tana naira 900 sai ka ajiye 63,000, kuma injin ɗin 3.5 ne, in ka shiga cunkoson Kantin Kwari ko Bata da rana tsaka ka kunna esi da idonka za ka ga allurar mai tana sauka. A doguwar tafiya irin Kano zuwa Abuja ba ta da wannan shan sosai, gaskiya ma tana burge ni a kan hanya, amma mutum nawa ne a cikinmu kullum yake kan doguwar hanya? Yawancinmu gida, makarantar yara, kasuwa, gida.

Ita kuma wadda ake shigowa da ita daga waje, wadda muke ce wa Beljiyam ko tokumbo, farashinta dala ce take juya shi. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, dalar da gwamnati take bayarwa a kan 460 da wani abu ta tafi har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ka ɗauka an sayi mota dala 5,000 a wajen gwanjo a Amurka, a tsohon farashin gwamnati miliyan 2.3 ke nan, a kan 1,500 kuwa ta zama miliyan 7.5, kuma ba a sa kuɗin jirgin ruwa ba, ba a sa diyutin kwastam ba wanda shi ma da farashin dala ake lissafa shi, ba a sa kuɗin ɗauko ta daga Legas ba balle ribar mai ita da la'adar dillali. Don haka duk wanda ya kawo maka Beljiyam a farashin da hankali ba zai ɗauka ba ka tsaya ka tambayi kanka me aka ɓoye. Ko dai takardun kwastam ɗin na bogi ne, ko ta yi mummunan hatsari a can an lallaɓa ta a nan, ko kuma an yi shekaru ana hawanta a Najeriya aka cire lamba aka yi mata sabon fenti aka manna mata sitika a gilashi.

Maganar takardu ba wasa ba ce. A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma duk mun san motocin Kwatano ba su daina shigowa ta daji ba, kuma ranar da 'yan kwastam suka tare ka a hanya babu ruwansu da cewa kai saye ka yi ba ka sani ba, motar za su riƙe. Kafin ka biya ko sisi ka ɗauki takardun ka je ofishin kwastam a duba maka, in mai motar ya fara hanya-hanya to ka samu amsarka.

Sannan akwai lambar nan ta jikin mota mai harafi da lamba 17 da ake kira VIN, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita za ka iya shiga intanet ka biya 'yan kuɗi kaɗan a Carfax ko makamancinsa ka ga tarihin motar a Amurka, sau da yawa ma har hotunanta na ranar da aka yi gwanjonta a kamfanonin gwanjon mota irin su Copart ko IAAI za ka samu. Da yawan motocin da suke zuwa mana kamfanonin inshora ne suka sallama su saboda hatsari ko ambaliya, guguwar Harvey kaɗai da ta afka wa jihar Texas a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Ni motar da ta yi hatsari ba ta ba ni tsoro kamar wadda ta sha ruwa, domin fanabita zai iya miƙe ƙarfe amma wayarin da ruwa ya shiga a hankali yake ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka gobe birenbos, wato kwamfutar motar, ya rikice jibi giya ta ƙi shiga, kuma babbar mota komai nata lantarki ne. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ka ga ko ƙarfen ya yi tsatsa. Mitar tafiya kuma kar ka yarda da ita ido rufe don ana mayar da ita baya, sannan motar Amurka da mil take ƙirga ba kilomita ba, in ka ga 150,000 to kusan kilomita 240,000 ta ci.

Bari in tsaya a kan Avalon ɗin tunda ita aka fi tambayata. Wallahi mota ce mai kyau, ba zan ɓata ta ba, injin ɗinta shi ne dai a cikin ES350 da Camry Muscle mai fulogi shida, sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, in ya samu kulawa yana daɗewa ƙwarai. Amma tana da cututtukanta da ya kamata mai saye ya sani. Na farko akwai wani tiyo na baƙin mai da wani sashensa roba ne a waɗanda aka yi daga 2005 zuwa wajen 2009, yana fashewa babu sallama, kana cikin gudu baƙin mai ya tsiyaye tas kafin ka farga injin ya buga. Toyota da kanta ta kira masu motocin a Amurka ta canja musu, amma ba kowace aka kai ba kafin ta iso nan. Akwai na ƙarfe zalla da ake sakawa, kuɗinsa ba zai kai ko kusa da na sabon injin ba, duk wanda ya sayi wannan samfurin ya sa bakanike ya duba masa shi a satin farko. Na biyu dashbod ɗinta yana tsattsagewa ko ya yi danƙo in zafi ya yi masa yawa, wannan ma kamfanin ya amince da shi ya canja wa mutane a can, to ina ga ranar Kano ta watan Afrilu. Sai famfon ruwan injin, wato watafam, da yake fara yoyo a hankali kuma aikin canja shi akwai wahala don wurin a matse yake, sai koyil da suke mutuwa, fulogi uku na baya kuwa sai an sauke manifol kafin hannu ya kai, shi ya sa wasu bakanikai suke canja uku na gaba su bar na baya su karɓi kuɗin shida.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yawancin motocin nan ba tsufa ne yake kashe su ba, hannun da suke faɗawa ne. Mota ta zo lafiya lau, abu na farko sai a ce ai tamostat, wato abin da yake daidaita zafin injin, na ƙasar sanyi ne a cire shi, a haɗa fanka darekt, a zuba mata ruwan rijiya a lagireto. Injin ba zai ƙara kai wa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi sai ta yi ta ƙara mai, mai motar ya zo yana kukan tana sha, ruwan kuma ya yi tsatsa ya toshe lagireto wata rana ta tafasa gaskit ya ƙone. Sai batun indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wasu da sunan wanki za su fasa su kwashe su sayar don akwai ƙarfe mai tsada a ciki, daga nan 'yar wutar gargaɗin injin ta kunnu a dashbod, maimakon a sa mata kwamfuta a ga me ya faru sai a liƙe wutar da baƙin salatif. Baƙin mai ma haka, a jikin murfin an rubuta irin wanda take so, 5W-30 ko 0W-20 a na baya-bayan nan, amma sai a zuba mai kauri irin na tsohuwar bas, kuma tana cin sama da lita 6 a juye ɗaya don haka galan ɗaya ba ya isa. Man giya nata daban ne, WS ake ce masa, waɗanda suke da giya shida daga 2008 ba su da ma sandar auna man, in aka zuba wanda bai dace ba giyabos ya fara fizga kuma kuɗin wani giyabos ɗin sai ya kusa sa mutum ya sayar da fili. Ba duk bakanikai nake nufi ba, akwai masu tsoron Allah da suka san aikinsu kuma ina hulɗa da su kullum, amma masu motar ma suna da laifi, mutum zai sayi motar miliyoyi ya zo yana neman fulogi mafi araha a kasuwa.

Sai hanyoyinmu. Avalon tsawonta ya kai mita 5 kuma a ƙasa take, an yi ta ne don shimfiɗaɗɗun titunan Amurka, ba kamar Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna a da ba wadda iyayenmu suka shiga ƙauyuka da ita rani da damina. In layinku zaizayar ruwa ta cinye shi ko unguwarku kowane gida ya yi nasa tudun a kan titi, kullum cikinta zai riƙa bugun ƙasa, shokazoba da bushin da sauran kayan ƙafa ba za su yi ƙarko ba.

Su kuma irin Chrysler 300 da Chevrolet Impala da Ford Taurus da tsohuwar S-Class mai ƙafar iska, shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ya bar su inda ya gan su komai arahar, kayan Toyota ko ba ka samu a wajenmu ba za ka samu a Panteka ta Kaduna ko Apo a Abuja, amma waɗannan sai an aika kasuwar Ladipo ta Legas, wani lokacin ma sai an yi oda daga waje motar tana ajiye wata da watanni. Kuma a sani cewa a Amurkan ma an daina yin su, Taurus ta tsaya a 2019, Impala a 2020, Avalon a 2022, Chrysler 300 a 2023, mutanen can sun koma jif, ma'ana waɗanda za su riƙa zuwa mana nan gaba sai dai su ƙara tsufa.

Ban ce kar kowa ya sayi babbar mota ba. Mai iyali da yake yawan doguwar tafiya kuma yana da abin riƙe ta zai ji daɗinta, faɗin kujerar baya da rashin ƙara da yadda take kwanciya a titi ƙaramar mota ba za ta ba shi ba. Abin da nake cewa shi ne kar ka zuba duk abin da ka mallaka a kuɗin saye, ka rage wani abu na juye da tayoyi huɗu da batir da gyaran ƙafa da sabunta takardu da inshora, wadda ita ma mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Ka je da bakanikenka na amana ba wanda dillali ya kawo ba, a tayar da ita da safe injin yana sanyi, a sa mata kwamfuta, a hau ta a yi tafiya mai ɗan nisa har giya ta shiga duka.

Roƙona gare ka Malam Edita shi ne ku buɗe shafi na musamman a kan motoci ko da sau ɗaya ne a wata, ku riƙa gayyato ƙwararrun bakanikai da masu wayarin su yi bayani da Hausa, domin yawancin wannan ilimin da Turanci yake a intanet kuma masu gyaran namu da yawa ba su samu damar karanta shi ba. Haka kuma ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin dillalan mota na Kano da Kaduna da sauran garuruwa da su wajabta wa 'ya'yansu bai wa mai saye lambar VIN da kwafin takardun kwastam ya je ya bincika kafin a yi ciniki.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar nan.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Ruwa, Kano.