Hirar yau da kullum a intanet ba ɓata lokaci ba ce

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani ɓangare na mu'amalar intanet da ba kasafai ake waiwayarsa ba. Duk lokacin da aka tashi zancen kafofin sada zumunta, labaran ƙarya da zage-zage da damfara ne ke cika baki, kuma babu mai musun cewa suna nan. Sai dai da yawa daga cikin abin da mutane ke rubuta wa juna a Facebook da WhatsApp ba ya kai wa ga kanun labarai: yaya aka wuni a wurin aiki, ina gajiya, ga abin da na ƙera da hannuna, me kuka gani a wasan jiya. Ana yi wa wannan hira kallon shiririta, ni kuwa ina ganin ita ce mafi amfanin abin da waɗannan kafofi suka kawo.

A duba tela wanda zaren kekensa ke ta tsinkewa ana tsakiyar aiki. Ya ɗauki hoton ɗinkin ya tura zauren abokan sana'a, nan take wani ya ce masa ya duba ko allura ta lanƙwashe, wani kuma ya ce ya sassauta ɗaurin zaren sama. Ba don wannan matsala aka buɗe zauren ba. Watanni aka yi ana gaisawa, ana nuna wa juna sabon ɗinki, ana kukan ciwon baya, har sabo ya shiga tsakani, shi ya sa da ya yi tambaya bai ji kunya ba, su ma ba su yi masa rowar sani ba. Haka ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare take samun mai amsa mata magana a lokacin da mutanen gidanta ke barci, kuma wanda ya taɓa kwana a bakin aiki ya san darajar wannan.

Masana ma sun daɗe da lura da hakan. Tun a 1973 masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa sau da yawa labarin sabon aiki yakan zo wa mutum ne ta hannun waɗanda ya sani sama-sama, ba aminansa ba, domin aminai abin da ya sani shi suka sani. Irin wannan sanayya ce hirar sana'a da ta abin sha'awa ke ƙullawa. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici da ƙarancin cuɗanya, saboda illarsu ga lafiya.

Abin da ke damuna shi ne wannan hira tana neman rasa wurin zama. A 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda, amma har yau saƙonnin da aka kwafo daga wani wuri da tallace-tallace sukan binne maganar da mutum ya rubuta da kansa. A 2022 kuma aka faɗaɗa zaure har ya iya ɗaukar mutum 1,024. Wa zai buɗe baki ya ce yau aiki ya yi masa nauyi a gaban mutum dubu da bai san fuskarsu ba? Sai masu kunya su yi shiru, masu hayaniya su mallake fili. Akwai kuma masu ɗaukar hoton hirar da aka yi cikin amana su yaɗa ta waje, wanda cin amana ne tsagwaronsa, kuma shi ke sa mutane kama bakinsu.

Saboda haka ina kira ga masu kula da zauruka da su hana turo abin da bai shafi zauren ba, su kuma bar zaure ƙarami idan ƙanƙantarsa ce ke sa mutane sakin jiki. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka ware wani shafi lokaci-lokaci da wakilanka za su tattauna da masu sana'a da ma'aikata kan yadda suke taimakon juna ta wannan hanya, bayan an nemi izininsu.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum