Wasiƙa zuwa ga Malam Habu a kan kalmar "borrow"

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da mutanen Damagaram baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin tambayar da ka yi a kan yadda ake amfani da kalmar "borrow", don nan ne Bahaushe ke yawan tuntuɓe a Ingilishi.

Tushen rikicin a Hausarmu yake. Mu kalma ɗaya muke jujjuyawa: na ari littafi, ya ara mini littafi. Ingilishi kuwa ya raba aikin gida biyu. Mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa shi ke yin "lend". Kai da ka yi karatu da Faransanci abin zai zo maka da sauƙi: "borrow" ita ce "emprunter", "lend" kuma "prêter".

To, "borrow me your pen" da ake ji ko'ina a Nijeriya, "ara mini bironka" ce aka saka wa rigar Ingilishi. A kasuwa za a gane ka, amma a jarrabawa ko a takardar ofis kuskure ne. Hanya biyu ce daidai: "Lend me your pen", ko "Can I borrow your pen?" Ka lura da 'yar kalmar da ke bin kowacce. "Borrow" da "from" take tafiya: "I borrowed a book from Musa." "Lend" kuma da "to": "Musa lent a book to me." Kana iya yar da "to" ɗin ka ce "Musa lent me a book", amma "borrow" ba ta yarda a yi mata haka. In aikin ya riga ya wuce, "borrowed" ake cewa da "lent". Kada ka rubuta "lended", babu ita.

Akwai inda Hausa ta fi tantancewa, kuma wannan yana burge ni. Mu aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar keke ko tsani. Rance na abin da za a kashe ko a cinye a biya da irinsa, kamar kuɗi ko mudun gero. Ingilishi bai damu da wannan ba, duka "borrow" ne, har da bashin banki mai ruwa, wanda sunansa "loan". Sai dai in za ka biya kuɗin amfani da gida ko mota, wannan haya ce: "rent" ko "hire". In kuma banɗakin wani kake son shiga, "use" za ka ce, tunda ba ɗaukarsa za ka yi ba.

Ka rubuto jimla 5 da kowacce kalma in duba maka. Ka gaishe mini da Baba da yara.

Wassalam,
naka aminin,
Sani